Kunnen da ya fi kusa da kai

A fadar da nake zama da yamma a unguwar Zango ta Damagaram, da wuya a sauke shayi na biyu ba a taɓo maganar waya ba. Makon jiya gardama ta kaure tsakanin wani ɗalibin Jami'ar André Salifou da wani dattijo mai sayar da kayan babur a Kasuwar Dole. Ɗalibin ya zo da sabon zance, wai mu bar Facebook da X mu koma Mastodon, inda babu attajiri guda da ke riƙe da makulli, wai kuma shi ne maganin tonon asiri. Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, ni me gare ni da Bature zai so ya sani? Bashin da nake bin ƴan kabu-kabu?" Aka kwashe da dariya, sai dai maganar ta bi ni har gida.

Hujjar ɗalibin tana da nauyi. Mai layin Airtel yana kiran mai layin Moov ko Zamani, ba wanda ya ce sai ya sauya layi tukuna. Amma wanda ke Facebook ba ya iya bin wanda ke TikTok sai ya buɗe sabon shafi a can, ya sake tara mutane tun daga tushe. Mastodon, wanda wani matashi a Jamus mai suna Eugen Rochko ya fito da shi a 2016, an gina shi ne kamar layukan waya: dubban ƙananan gidaje, kowanne da mai shi da dokokinsa, kuma duk suna gaisawa ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub. Idan mai gida ya ɓata maka rai, ka tashi da mabiyanka ka koma wani.

A manyan shafukan kuwa mu ƴan haya ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya daga Kano ya zauna yana kallon waya kamar mai jiran ruwan famfo. A shekarar ne kuma gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter na wata bakwai. A Oktoban 2022 Elon Musk ya saye shi kan dala biliyan 44 na Amurka, ya sauya dokoki, daga baya har sunan ya sauya zuwa X. Ba a shawarci ɗan haya ko ɗaya ba.

Inda na rabu da ɗalibin shi ne da ya ce wannan ne maganin tonon asiri. A Mastodon saƙon da ka aika wa mutum a keɓe ba a kulle yake ba, mai kula da gidan yana iya karantawa idan ya ga dama. To, a ce wani matashi a Birni ne ya buɗe gidan. Mai Facebook bai san surukarka ba, bai san wanda kake bi bashi ba. Wannan kuwa ya san su duka, wataƙila ma sahu ɗaya suke sallar Juma'a. A garin da kowa ya san kakan kowa, ƙaramin gida ba lalle ya fi rufin asiri ba. Ga kuma batun murya. Mutanenmu da yawa, musamman iyayenmu mata da na karkara wajen Mirriya da Magarya, danna makirfo suke yi su yi magana, shi ya sa WhatsApp ya zauna daram. Shafin da ginshiƙinsa rubutun boko ne ya bar su a waje tun daga ƙofa. Ranar da aka yanke intanet ɗin salula kuwa, kamar yadda aka yi mana na wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, babban gida da ƙarami duk shiru suke yi.

Baba mai kayan babur shi ma bai tsira ba. Gaskiya ne tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, kamfanin ba ya jin abin da ka faɗa. Amma ya san lambarka, ya san irin wayarka da lokacin da kake hawa, yana kuma ganin lambobin da ka ba shi izinin dubawa. Irin waɗannan tarkacen, idan aka tara su, dukiya ne. Badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu Facebook, da ta fashe a 2018 ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, yawancinsu ba su taɓa jin sunan kamfanin ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali dai yana nan cikin gari. Wayar da aka bar wa mai gyara kwana biyu babu makulli. Wadda aka ajiye a teburin mai caji saboda an ɗauke wuta. Wadda miji da mata da yara uku ke karɓa-karɓa. Wanda zai kira ka da murya mai laushi ya ce ya tura maka lambobi shida bisa kuskure, don Allah ka karanto masa, kana karantowa ya kwashe shafinka ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Sai uwa uba, saƙon murya. Ka faɗi magana cikin fushi a rukunin mutum ashirin, kafin la'asar ta kai Agadas. Kullen kamfani ba ya hana wanda ka aika wa ya tura gaba. Dokar Nijar ta laifukan intanet ta 2019 tana nan kuma, a Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai iya ta da hankalin jama'a. Muna da hukumar kare bayanan mutum, HAPDP, amma a fadarmu mutum biyu ne kawai suka taɓa jin sunanta.

Don haka ina tare da ɗalibin a kan maganar da ake son duniya ta ji. Gidajen rediyonmu da jami'a da ƙungiyoyin ƴan kasuwa ya kamata su mallaki gida nasu a irin waɗannan shafuka, ko da suna ci gaba da zama a Facebook, don kada sanarwar Damagaram ta dogara da abin da wani ya yanke a Amurka. Maganar cikin ɗaki kuwa, na ce masa kafin ya koya wa mutane Mastodon ya fara zagaya gidansu ya sa wa wayar mahaifiyarsa makulli, ya kunna mata lambar sirri ta biyu a WhatsApp. Aikin bai kai minti biyar ba.

Da aka zo shayi na uku, dattijon ya zaro wayarsa daga aljihun gaba ya miƙa wa yaron. "Ungo, sa mini abin nan da malam ya faɗa." Da aka iso wurin zaɓen lambobin, sai ya karɓe kayarsa, ya juya mana baya, ya kare da hula.