Diori Hamani: ba yuraniyom kaɗai ya kayar da shi ba

Tun da sojoji suka karɓi mulki a Jamhuriyar Nijar a watan Yulin 2023, aka kori dakarun Faransa, daga baya kuma gwamnati ta ƙwace kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR, wani tsohon zance ya sake samun kasuwa a majalisun hira da shafukan sada zumunta: wai Diori Hamani, shugaban ƙasar na farko, ya rasa kujerarsa ne a 1974 saboda ya yi ƙarfin halin neman Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, kuma shi ya sa yake da daɗin ji. Sai dai ina ganin waɗanda suka tsaya a nan sun ɗauki wutsiyar labari sun bar gangar jikinsa, domin abin da ya kayar da Diori ya soma ne shekaru goma sha shida kafin wannan ciniki, a ranar da ita Faransar ta share masa hanyar hawa mulki.

An haifi Diori a 1916 a ƙauyen Soudouré da ke kusa da Yamai. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye yawancin 'yan bokon Afirka ta Yamma rainon Faransa, ya yi aikin malanta a Yamai da Maraɗi, har ya je birnin Paris yana koya wa Turawan da ake shirya wa aikin mulkin mallaka harsunan Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen Nijar na RDA, babbar ƙungiyar siyasa ta ƙasashen Afirka rainon Faransa, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956, shekara guda bayan haka ya zama mataimakin shugaban majalisar. Mutum ne mai ilimi da iya zama da jama'a, kuma ko maƙiyansa ba su taɓa musanta hakan ba.

Amma a 1958 ba shi ne ke jan ragamar Nijar ba. Ɗan'uwansa Djibo Bakary, wanda su biyun 'yan ƙauye ɗaya ne, shi ne shugaban gwamnati, kuma jam'iyyarsa ta Sawaba ita ke da talakawa: 'yan dako, direbobi, ƙananan 'yan kasuwa da manoman Damagaram, Tasawa da Maraɗi, waɗanda ra'ayinsu ya zo ɗaya da na 'yan NEPU a Kano. Da Janar de Gaulle na Faransa ya kira ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba kan ko yankunan da take mulka za su ci gaba da zama tare da ita, Djibo ya ce a jefa "a'a" a karɓi 'yancin kai nan take, kamar yadda Sekou Toure ya yi a Gini. Faransa ba ta yarda ta yi asarar Nijar ba, musamman da yake an riga an gano yuraniyom a arewacin ƙasar a 1957, ga kuma yaƙin Aljeriya yana ci a maƙwabta. Sai ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya yi amfani da sarakuna da jami'an mulki wajen murƙushe Sawaba. "E" ta yi nasara, Djibo ya sauka, ranar 18 ga Disamba Diori ya zama shugaban gwamnati, a 1959 kuma aka haramta Sawaba baki ɗaya. Don haka lokacin da aka ayyana 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, babbar jam'iyyar adawa ba ta da izinin buɗe baki, jagoranta kuma yana gudun hijira.

Wannan shi ne tabon da gwamnatin Diori ta rayu da shi har ƙarshenta. Mulki ya taru a hannun mutum uku: shi kansa, Boubou Hama a majalisar dokoki, da Diamballa Yansambou Maïga a ma'aikatar cikin gida. Kwamitin ƙoli na jam'iyya ya zama gidan 'yan tsiraru, yawancinsu daga yammacin ƙasar, aka kuma yi shekara fiye da goma ba a kira babban taron jam'iyya ba. Manomin gabas shi ke noman gyaɗar da ke kawo kuɗin ƙasa ta hannun kamfanin SONARA, shi ke biyan haraji, makiyayi na biyan jangali, amma babu inda ɗayansu zai kai kuka. A zaɓukan 1965 da 1970 Diori shi kaɗai ya tsaya takara.

Ba zan wanke 'yan Sawaba tas ba. Sun ɗauki makami, sun samu horo a Ghana da Aljeriya da China, a ƙarshen 1964 kuma suka kutsa ƙasar ta kan iyakoki da dama, sannan a watan Afrilun 1965 wani daga cikinsu ya jefa gurneti a filin sallar Layya a Yamai da nufin kashe shugaban, ya kuskure shi, wani ƙaramin yaro ya rasu. Duk gwamnatin da aka yi wa haka za ta mayar da martani. Amma martanin ya wuce gona da iri: an harbe mutane a bainar jama'a, an cika gidajen yari, 'yan sintirin jam'iyya suka riƙa farautar duk wanda aka zarga a ƙauyuka. Gwamnati ta samu zaman lafiya, sai dai irin wanda babu mai gaya wa shugaba gaskiya a cikinsa.

A waje kuwa Diori wani mutum ne dabam, kuma a nan ne nake ganin masu kiransa karen farautar Faransa ba su yi masa adalci ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, Faransa ta karkata ga Biyafara, aminin Diori na kusa, Houphouët-Boigny na Kwadibuwa, ya amince da ita a matsayin ƙasa a 1968, haka ma Gabon. Diori ya ƙi bin sahu. Ya tsaya kan haɗin kan Najeriya, ya shiga kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ƙarƙashin Sarki Haile Selassie, ya kuma karɓi baƙuncin taron Yamai na watan Yulin 1968, inda Gowon da Ojukwu kowannensu ya zo ya yi bayani. Lalle akwai lissafin ciki, domin gyaɗar Nijar ta Kano take bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma dangi ne a kowane ɓangare na iyaka daga Birnin Konni zuwa Magarya. Duk da haka, shugaban ƙasa matalauciya da Faransa ke cike wa giɓin kasafin kuɗi ya dubi Paris ya ce a'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma 'yan Najeriya sun cika saurin mantawa da shi. Shi ne kuma ya karɓi taron da ya kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, tare da shugabannin Senegal da Tunisiya, Senghor da Bourguiba, a matsayin jagororin tafiyar. Matsalar ita ce yawan tafiye-tafiyen sulhu da taruka ya sa ya fi sanin abin da ake ciki a Addis Ababa da Paris fiye da abin da ake ciki a Tanout ta yankin Damagaram.

Sai fari ya zo. Daga 1968 damina ta fara gardama, zuwa 1973 rumbuna sun ƙare, shanu suna faɗuwa a hanyar kudu, Buzaye da Fulanin da suka rasa garkensu suka yi sansani a gefen birane suna jiran tsaba. Abincin agaji ya shigo daga waje, amma labari ya bazu cewa manyan jam'iyya na karkatar da shi suna sayarwa, ɗalibai da malaman makaranta suka shiga yajin aiki da zanga-zanga. Sojojin da aka sa rabon hatsi a karkara sun ga yunwar da idonsu, sun kuma ga inda buhunan ke maƙalewa. Ko fari bai zo da laifin kowa ba, yadda aka tafiyar da agajin laifin gwamnati ne.

A cikin wannan hali ne maganar yuraniyom ta taso. An kafa SOMAÏR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971, kuma da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Diori ya ga cewa makamashin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ya fi abin da ake biyansa daraja. Ya nemi ƙari, Faransa ta turo wakilinta Yves Guéna Yamai a watan Maris 1974, aka tashi ba a daidaita ba. A watan ne kuma ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya ta Gaddafi, abin da bai yi wa hafsoshinsa daɗi ba. Shugaban Faransa Pompidou ya mutu ranar 2 ga Afrilu, ranar 15 ga watan Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnati, aka kashe uwargidan shugaban, Aïssa Diori, a fadar. Dakarun Faransa da ke Yamai ba su motsa ba, duk da yarjejeniyar tsaro ta 1961 da ke tsakanin Faransa da Nijar.

Wannan shirun na Faransa shi ne babbar hujjar masu cewa yuraniyom ne sanadi, kuma ban raina ta ba: mai yiwuwa ne ƙwarai Paris ta ga ba ta da dalilin ceton mutumin da ya fara yi mata tsada. Amma ƙin ceto dabam, kitsa juyin mulki dabam. In da Kountché aikin Faransa ya zo yi, da wuya a ce cikin 'yan makonni ya umarci sojojinta su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar, alhali haka ya yi. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne shirun 'yan Nijar kansu. Babu garin da ya fito kare gwamnatin da ta ce ta ci zaɓe da kusan dukkan ƙuri'u shekara huɗu kacal da suka wuce, jam'iyyar PPN ta watse a dare ɗaya, a wurare da yawa ma murna aka yi. Shugaban da ke da jama'a a bayansa zai iya ja da Faransa kan farashi ya kwana lafiya. Diori ya shiga wannan ciniki ne bayan ya riga ya rasa su.

Sojoji sun tsare shi a Damagaram, aka fito da shi daga kurkuku a 1980 aka ci gaba da yi masa ɗaurin talala, bai samu cikakken 'yanci ba sai bayan rasuwar Kountché a 1987. Ya koma Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilun 1989. Djibo Bakary, wanda ya dawo gida bayan juyin mulkin yana zaton lokacinsa ya yi, shi ma Kountché ya jefa shi kurkuku a 1975.