Sun ce sun ji, amma ba su ce sun yafe ba

A shekarar 1986, a garin Sudbury da ke lardin Ontario a ƙasar Kanada, shugaban cocin nan da ake kira United Church of Canada, mai suna Robert Smith, ya tsaya gaban dattawan 'yan asalin ƙasar ya nemi gafara da sunan cocinsa. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, mun zo muku da bishara amma muka cakuɗa ta da al'adun Turawa har muka kasa gane wanne ne wanne, muka gindaya muku sharaɗi cewa sai kun zama irinmu kafin ku zama na Almasihu. Kuma ba wai cocin ne ya wayi gari ya ga dacewar haka da kansa ba, wata mata ce 'yar ƙabilar We Wai Kai mai suna Alberta Billy ta miƙe a taron shugabanni ta faɗa musu ido da ido cewa akwai bashin neman gafara a wuyansu.

To amsar da aka ba su ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Sai da aka yi shekara biyu kafin amsar ta zo. A 1988, ta bakin wata mata mai suna Edith Memnook, 'yan asalin da ke cikin cocin suka ce mun ji, mun shaida kun nema, amma ba mu karɓa ba tukuna, za mu zuba ido mu ga ko aikinku zai bi bakinku. Kuma fa ba su fice daga cocin ba, suna nan ciki suna sujada suna ba da baiko, amma suka riƙe wannan kalma ɗaya a hannunsu. Ni a ganina duk wanda ke son ya san menene girmama 'yan asalin ƙasa a cikin ikilisiya, daga wannan amsar ya kamata ya fara, don a nan ne karon farko da alƙalami ya koma hannun wanda aka zalunta.

Kafin wani ya ɗauka maganar takardar ɗan asalin jiha nake, irin wadda muke rigima a kanta a Jos da sauran wurare, a'a, wannan daban ne. Mutanen da nake nufi su ne waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, wato ƙabilun da ake kira First Nations, da Inuit na can arewa wajen ƙanƙara, sai kuma Métis, waɗanda suka fito daga baya daga auratayya tsakanin 'yan asalin da Turawa. A ƙidayar 2021 sun kai kusan miliyan 1.8, kamar kashi 5 cikin ɗari na mutanen Kanada, kuma harsunansu sun haura 70.

Abin da aka yi musu ba ƙarami bane. Tun daga shekarun 1880 gwamnati ta kafa tsarin makarantun kwana ta danƙa wa coci-coci su gudanar, Katolika ne suka riƙe mafi yawa, sai Angilikan, da Furesbiteriyan, da United Church ɗin da kansa wanda ya riƙe guda 15. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu, a aske musu gashi, a canja musu suna, wani ma lamba za a ba shi, kuma in aka kama yaro yana magana da ɗan'uwansa da harshen uwarsu sai duka, ga yunwa ga tarin fuka ga lalata da yara, abin dai ba daɗin faɗa. Sunayen yaran da suka mutu a can da aka iya tattarawa sun wuce 4,000. Ba kuma labarin kaka da kakanni bane, don sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Akwai wata mata, Phyllis Webstad, da kakarta ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo don ranarta ta farko a makaranta a 1973, tana 'yar shekara shida, tana isa aka tuɓe mata rigar kuma ba ta sake ganinta ba. Shi yasa yanzu duk ranar 30 ga Satumba za ka ga mutanen Kanada sanye da riga mai wannan launin. Hukumar gaskiya da sulhu da alƙali Murray Sinclair ya jagoranta ta saurari dubban waɗanda suka rayu, a 2015 ta kira abin da sunan kisan ƙare dangi ga al'ada, ta kuma fitar da buƙatu 94, wasu daga ciki kai tsaye kan coci suke.

Yau in ka shiga majami'u da yawa a can ranar Lahadi, kafin a fara waƙa ma wani zai tashi ya ce muna tunawa cewa wannan ginin yana kan ƙasar ƙabila kaza ne, a Toronto misali za ka ji ana ambaton Mississauga da Haudenosaunee da Wendat. United Church ya ɗauki alkawari a 2006 cewa zai zama coci na cuɗanyar al'adu, wato ba wai kowace ƙabila ta zauna a lungunta ana gaisawa daga nesa ba, kowa ya yarda ɗan'uwansa ya canja shi. A 2012 suka gyara tambarin cocin, suka sa launuka huɗu da 'yan asali ke darajantawa, rawaya da baƙi da ja da fari, suka ƙara wata jimla da harshen Mohawk mai nufin dukkanmu dangi ne.

Shin wannan ya isa? Gaskiya bai isa ba, kuma su kansu 'yan asalin sun sha faɗa. Mutum zai iya karanta sunan ƙabila duk Lahadi har shekara goma alhali bai taɓa zama ya ci abinci da ɗan ƙabilar ko ɗaya ba, karatun ya zama kamar sanarwar ranar taron zumuntar mata, a karanta a wuce. Amma ban yarda da masu cewa a daina gaba ɗaya ba. Yaron da ya tashi yana jin wannan magana kowane mako wata rana zai tambayi babansa, to ina mutanen suke, me ya same su? Wannan tambayar kawai ta isa riba. Matsalar tana zuwa ne in aka maida furucin ya zama shi ne ƙarshen aiki.

Inda ake gane gaskiyar mutum shi ne wajen kuɗi da kujera. Ku duba, a yarjejeniyar diyya da aka fara aiwatarwa a 2007, ƙungiyoyin Katolika sun yi alkawarin za su yi iya ƙoƙarinsu su tara dalar Kanada miliyan 25 don waɗanda suka rayu, abin da aka tara bai kai miliyan huɗu ba. Sai bayan 2021, lokacin da na'urar hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna wurare kusan 200 da ake zaton kaburburan yara ne a tsohuwar makarantar Kamloops, hankalin duniya ya tashi, sannan bishop-bishop suka sake alkawarin miliyan 30, Fafaroma Francis kuma ya je da kansa a watan Yuli na 2022 ya nemi gafara a Maskwacis da ke Alberta. Ya yi abin kirki, ban raina ba, tsoho a keken guragu ya tsallaka teku. Amma shekara bakwai ke nan bayan hukumar ta nemi ya zo, kuma tsofaffi da yawa da suka jira wannan rana ƙasa ta riga ta rufe idonsu. Zakka da muke karantawa a Luka sura 19, da ya tuba ai bai tsaya a baki ba, cewa yayi wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu. Su Angilikan akwai dayosis ɗinsu guda, na Cariboo, da shari'o'in makarantun nan suka cinye har ya rufe a 2001, kuma duk da zafin abin ni ban ga zalunci a ciki ba.

Ta fannin kujera kam an ɗan motsa. United Church ya zaɓi Stan McKay, ɗan ƙabilar Cree, ya shugabance shi a 1992, a 2022 kuma aka zaɓi Carmen Lansdowne 'yar ƙabilar Heiltsuk, mace ta farko 'yar asali a wannan matsayi. Angilikan a 2019 sun amince 'yan asali su riƙa tafiyar da al'amuran cocinsu da kansu a cikin babban cocin. Wannan a wurina ya fi tambari nauyi nesa ba kusa ba, don wanda ke zaune inda ake yanke shawara baya buƙatar a tuna da shi, yana nan.

Na san akwai 'yan'uwa da za su ce, malam kana so ka shigo mana da gargajiya cikin haikali ke nan. Tsoron nan ba na banza bane kuma ba zan yi masa dariya ba. A Edmonton akwai wata majami'ar Katolika, Sacred Heart ta 'yan asali, inda sandunan tantinsu na gargajiya suke tsaye a kan bagade, ana kaɗa ganga, ana turara hayaƙin wasu ciyayi masu ƙamshi kafin addu'a. Akwai kuma Kiristoci 'yan asali, musamman na ɓangaren Fentikostal, da suka ce su sam ba sa son wannan, sun baro shi kuma ba za su koma ba. To waye zai raba gardama? Ni dai na ce su, su da suka san ma'anar gangar da hayaƙin daga ciki, su zauna da Littafi Mai Tsarki a hannu su tantance abin da zai shiga da wanda zai tsaya a waje. Kuskuren farko ai shi ne baƙo ya yanke musu hukunci cewa komai nasu na shaiɗan ne, har gwamnati ta haramta bikin rabon kyaututtuka na wasu ƙabilunsu da ake kira potlatch daga 1885 zuwa 1951, to kar kuma yanzu wani baƙon ya zo ya ce dole komai nasu ya shiga coci don shi ya ji sanyi a ransa. Taron Urushalima da ke Ayyukan Manzanni sura 15 tun tuni ya yanke cewa ba sai mutum ya zama Bayahude ba kafin ya bi Yesu.

Yanzu bari in dawo gida, don akwai igiya ta gaske tsakaninmu da Kanada. Daga Toronto ne mishan ɗin SIM ya taso, Walter Gowans da Rowland Bingham da abokinsu Thomas Kent suka sauka Legas a 1893, kuma daga wannan aikin ECWA ta fito. Ba ina cewa abin da ya faru a makarantun can ya faru a nan ba, bai faru haka ba, kuma masu bishara da yawa sun ba da ransu, sun gina asibitoci, wasu sun zauna shekaru suna rubuta harsunan da ba a taɓa rubutawa ba. Amma tunanin nan na cewa gangar mutum da sunansa da rawarsa sai ya ajiye su a bakin ƙofa, ya iso nan ma, tambayi duk wani tsoho a ikilisiyarku zai ba ka labari. Allah ya saka wa zumuntar mata da alheri, su ne suka shigo da tulu da kacau-kacau har suka zauna daram.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wanda ya shafi harshen da nake rubutu da shi ɗinnan. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa Gombe da Adamawa da Taraba, kuma ta yi aiki babba, ta haɗa Birom da Angas da Tangale da Bura da Bajju a benci ɗaya suna waƙa ɗaya. Ina son Hausa har cikin raina. Amma inuwar babbar bishiya tana hana ƙananan tsiro girma, yau akwai matasa da yawa da ba za su iya yin addu'ar minti ɗaya da harshen kakarsu ba, kuma a coci suka koyi cewa da Hausa ake magana da Allah. A birane ma yanzu Hausar ce ke ɗanɗana irin wannan, sujadar Turanci ta manya ce da 'yan boko, ta Hausa kuma an bar wa tsofaffi. Sai sau ɗaya a shekara mu yi Lahadin al'adu, kowa ya sa kayan ƙabilarsa a yi rawa a ɗauki hoto a sa a Facebook, washegari a ninke kayan a mayar akwati. Wannan da karanta sunan ƙabila a Toronto duk kanwar ja ce in dai a nan aka tsaya.

Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu da in aka ce ta rufe taro da addu'a takan fara da Hausa tana lalube tana tuntuɓe, sai can in abin ya kai mata zuciya ta juya harshenta ba tare da ta sani ba, muryarta ta canja gaba ɗaya, rabinmu bama jin me take cewa amma amin ɗin da ake amsawa ranar ya fi na kullum ƙarfi. Da ta gama sai ta ce a yi mata haƙuri. Wannan haƙurin da take bayarwa shi ke tsaya min a wuya, wa ya koya mata cewa laifi ta yi?

Taron dattawa mai zuwa ina da niyyar kai magana uku. A riƙa karanta nassi ɗaya kowace Lahadi da harshen mutanen da majami'ar ke zaune a ƙasarsu, in akwai fassara a saya daga asusun ikilisiya, in babu a ware wani abu daga baiko a tallafa wa masu aikin fassara irin na Jos. A duba kwamiti a ga su waye a ciki, su waye kuma kullum aikinsu shara da jera kujeru. Na uku, mu je gidajen tsofaffin nan mu zauna a tabarma mu tambaye su me aka sa suka bari a bakin ƙofa lokacin da suka yi baftisma, da wanne suke kewa da wanne suka gode Allah da suka rabu da shi, kuma in sun ce sai sun yi tunani, mu tashi mu tafi mu dawo wani watan.