Hoton IRM da ciwon mantuwa

Wani labari ya auna darajar wani mai bincike kan hoton IRM da ciwon mantuwa da yawan masana da ke ambaton rubuce-rubucensa. Madalla, amma a asibiti ake gane amfanin aikin. A hoton IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, likita na duba hipokampus, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu, domin yana ƙanƙancewa da wuri a cutar Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa. Sai dai dattijon da ya rikice da ƙyar yake kwanciya shiru minti 20 zuwa 30, motsi kaɗan kuwa ya ɓata hoton. Mu nan Garwa da Marwa a Kamaru, sikana (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da X-ray) ma tana nuna jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, wanda ke iya rikita mutum, kuma tiyata ke magance shi. A kuma gwada bitamin B12 tukuna, domin ƙarancinsa ma na kawo mantuwa, kafin a ce tsufa ne.