Bishiyar da ba ta ciyar da ko kurege

A Legas don ido ake dasa bishiya. Bi ta Ikoyi ko unguwannin Lekki ka ga kwakwar ado a jere, an aske shuke-shuke tsaf, amma da wuya tsuntsu ya sauka ya samu abin kai wa baki. Mai son ganin birai na cin 'ya'yan itace sai ya biya kuɗin shiga gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990 a kan hekta 78. Ban ga laifin Legas sosai ba, gari ne da ƙasa ta yi wa kaɗan. Mu 'yan Arewa nake jin takaicinmu, don mun gaji abin da ya fi wannan, muna kuma ƙone shi.

A Turai da Amurka akwai bishiyar oak, mai 'ya'ya kamar ƙwallon dabino da 'yar hula a kai. Da kaka take zubar da su, daidai lokacin da hunturu ke ƙaratowa, sai kurege da barewa da aladun daji su yi ta ci suna tara kitse. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka da ke binne dubbai a ƙasa don ajiya. Waɗanda bai koma ya tono ba su ne ke tsirowa, wato mai cin ne ke dasa dajin gobe. Wata shekarar kuma bishiyoyin kan yi 'ya'ya fiye da kima a lokaci guda, har dabbobi su kasa cinyewa, ragowar ta tsira.

Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar Hausa ya san irin wannan a jikin gawo. Da damina yake kakkaɓe ganyensa ya bar wa gero hasken rana, da rani kuma, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙurmus, sai ya yi kore shar ya fara zubo 'ya'yansa jajaye masu lanƙwasa. Akuya na jin faɗuwar guda za ta baro abin da take yi a guje. Ƙwayar da ta haɗiye tana fita cikin kashinta, ta tsiro da takinta a gindi. Ga kanya da ɗinya da baure, abincin birai da jemagu da tsuntsaye, har da yara masu dawowa daga makarantar allo.

To ina suke yanzu? A nan Legas nake ganin buhunan gawayi jibge a bakin kasuwa, masu gashin masara da masu abinci na saye, kuma 'yan uwanmu na cikin masu safararsa. Ba na zagin talakan da ya sare itace don tukunya ta hau wuta, tsadar gas da kananzir ba wasa ba ce. Amma idan aka zo gangamin dashen itatuwa a jihohinmu, sai ka ga dalbejiya da turare ake ta rabawa. Suna saurin girma, gaskiya ne, sai dai gindin turare ko akuya ba ta da abin yi a wurin.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun shekarun 1980. Manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, har gonaki kusan hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa, gawo na cikin na gaba-gaba. Ba su jira an kawo musu dashe a leda ba. Manomin Daura ko Gumel da ke da kututturen gawo a gonarsa zai iya fara wannan tun sharar gonar bana.