Kafin a cike mana ramin bayan gari, a gaya mana me ke cikin tifar

Jama'a ku yi haƙuri yau zan ɗan ja magana, abu ne ya tsaya min a rai tun makon jiya.

Ni dai aikina a nan Jamus tuƙin tifa ne, muna kwashe ƙasa da baraguzai daga inda ake rushe tsofaffin masana'antu mu kai inda aka ce a kai. Ran nan muka ɗebo ƙasa daga wani tsohon wuri da a da ake fentin ƙarfe, takardu sun cika, an gwada ƙasar an rubuta ajinta da komai. Na isa ƙofar jujin na hau sikeli, sai ga wata mata cikin rigar aiki mai ƙyalli ta hau ɗan tsani ta leƙa bodin motar, ta ɗebi ƙasar a ɗan shebur ta shinshina. Da hancinta fa. Ta ce wannan tana warin mai, kuma launinta bai yi daidai da abin da ke takarda ba, ba za a sauke ba sai an sake gwaji. Oganmu ya bugo waya yana ta bayani, ta saurare shi tsaf har ya gama, ta ce ta ji, amma ba za a sauke ba. Haka muka juya da lodi.

Da muka tsaya shan kofi sai abokin aikina, Bajamushe ne, ya ce min cikin raha wai da a ƙasarku ne ai da tuni mun juye mun tafi cin abinci. Ya yi dariya, ni kuma na yi yaƙe. Wallahi maganar ta soke ni, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ni da bakin ramawa, don a satin nan ƙanena ya gaya min ana maganar cike ramin nan na bayan garinmu, wanda masu aikin titi suka haƙa suka ɗebi burji, wai tifofi za su riƙa kawo ciko daga wajen kamfanoni, kyauta, ko sisi ba za mu biya ba.

Bari in ɗan kwatanta muku jujin nasu don in na ce juji za ku ɗauka irin bolar bakin kasuwa ce. Daga nesa tudu za ka gani kore shar da ciyawa, an kewaye shi da waya, a wani gefen ma tumaki ne ke kiwo a kai. Ba hayaƙi ba ungulu ba leda tana tashi. In za ka fita sai motarka ta bi ta cikin wani wurin wanke taya don kada ka kwaso ƙasar wurin ka kai titi. A kewayen wurin kuma za ka ga wasu gajerun bututai sun leƙo daga ƙasa da murfi da kwaɗo, ashe ƙananan rijiyoyi ne na gwaji, wasu ta inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke shigowa wasu ta inda yake fita, lokaci-lokaci ana zuwa a ɗebi ruwan a gwada a gani ko wani abu ya fara tsiyaya. Juji ma aji-aji ne, daga aji 0 na ƙasa da duwatsun da ba su da illa, har aji 3 na kaya masu guba, sai aji 4 wanda shi a can ƙarƙashin ƙasa yake. Akwai wani a Herfa-Neurode a jihar Hessen, tsohon ramin haƙar gishiri ne mai zurfin ɗaruruwan mitoci, tun 1972 ake ajiye mafi munin guba a ciki, saboda inda gishiri ya zauna a bushe shekaru aru-aru to ruwa ba ya zuwa wurin.

Amma duk wannan ado ne, asalin maganar tun kafin a sa shebur a ƙasa ake yin ta, wato ina za a yi jujin. Tambayarsu ta farko me ke ƙarƙashin wurin. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta ce in juji na kaya masu guba ne sai an samu shimfiɗar ƙasa mai hana ruwa wucewa, irin yumɓu, mai kaurin aƙalla mita 5, in na sharar da ba ta da guba ne mita 1, kuma irin yumɓun da ake nufi ruwa ba ya ratsa shi fiye da wajen santimita 3 a shekara guda, kai ka yi lissafin mita biyar. Jamus ta ƙara da nata a dokar juji ta 2009, dole a bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin saman wannan shimfiɗa da iyakar inda ruwan ƙasa zai iya tasowa, ba inda yake yau ba, inda zai kai a shekarar da ruwa ya fi yawa. Ana duba ko wurin ambaliya na zuwa, ko ƙasar na zaftarewa, ko kusa da gidaje ne, ko yankin da ake ɗibar ruwan sha ne. Sai bayan wuri ya tsallake duk wannan sannan a zo a ƙara daɓe yumɓu, a shimfiɗa baƙar roba mai kaurin milimita 2.5 a liƙe bakinta da wuta, a zuba tsakuwa, a jera bututun da zai tattara dagwalon da ke tsatsowa a kai shi inda za a tace. Kuma mai jujin sai ya ajiye kuɗin jingina na kula da wurin har bayan an rufe shi, a manyan ajin shekara 30 ne mafi ƙaranci, don kada ya ci riba ya gudu ya bar wa gari.

Wani abin da ke burge ni ma a kan titi yake. Kana tafiya sai ka ga shuɗin allo da hoton tankar mai a kan igiyar ruwa, yana gaya wa direba ka shigo yankin ruwan sha ka yi hattara da abin da ka ɗauko. Sun zana wa rijiyoyin gari da'ira uku, ta farko ko shiga ba a yi, ta biyu an auna ta ne da tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, duk inda ruwa zai iso rijiyar cikin kwana 50 yana ciki, ta uku kuma duk faɗin inda rijiyar ke samun ruwa. Mafi yawan ruwan famfonsu daga ƙasa yake fitowa shi ya sa ba sa wasa.

To mu kuma fa, ina muke zubawa? A rami. Duk inda aka ga rami an samu bola. Kuma wane rami ne ya fi kusa da ruwan da muke sha in ba kududdufi da ramin burji ba, wurin da an riga an kwashe ƙasar saman da za ta tare, ruwa na kwana a ciki tun daga Yuli har bayan kaka. Kowa a garinmu ya san in ramin nan ya cika rijiyar masallaci ma tasowa take har yaro ya ɗebo da gajeriyar igiya, in ya ƙafe ita ma ta ja baya, ƙwarya ɗaya suke sha. Wato daidai wurin da a nan ko takardar neman izini ba za a karɓa ba, shi ne mu muke cewa Alhamdulillahi an samu mai cike mana.

Ba wai ban san dalilin mutanenmu ba ne. Ramin nan ya ci yara, sauro kuma ba a magana, kuma in an cike fili ne za a yanka a sayar. Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ba mugunta yake nufi ba, so yake ya rabu da masifa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa, mutumin da zai sayi gas ya biya direba ya kawo maka ciko kyauta tun daga birni, ka tabbata abin da ke cikin motar ya fi damunsa fiye da raminka. Mu da muka tashi a ƙasar Dawakin Kudu ba sai an ba mu labarin kalar ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa ba, haka mutanen Minjibir ba sai an gaya musu abin da kogin Jakara ke kwasowa daga masana'antun Bompai ya kai dam ɗin Wasai ba. Jima ta zamani ba irin ta kakanninmu ba ce ta bagaruwa da toka, da sinadarin kuromiyam ake yi, wanda nau'in ƙarfe ne, kuma shi ƙarfe in ya shiga ruwa tafasawa ba ta fitar da shi, ba lallai ka ji wari ba, ba lallai ka ga kala ba. In kogi ne ma wata rana damina za ta wanke, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa a hankali yake tafiya, in ya lalace sai dai jikoki su gada. Kuma mu na Kano da sauƙi-sauƙi tunda akwai dutse a ƙasa, 'yan'uwanmu na wajen Ringim da Auyo da Haɗeja da kogin ke gangara musu, ga rairayi ga fadama ga ambaliya irin ta 2022, su in aka yi musu irin wannan ai sai dai Allah ya kyauta.

Yanzu kar wani ya ce na zo Turai na ga fitila na rikice. Su ma ba da tsafta aka haife su ba. Kafin dokar shara ta 1972 dubban bola ne barkatai a ƙasar nan, kowane ƙauye da raminsa, irin namu sak. A Hamburg akwai tudun shara na Georgswerder da a 1983 aka gano guba mai suna dayoksin tana tsatsowa daga gindinsa, har yau ana tatsar ruwan wurin ana tacewa. Kuma da zan koma wurin shan kofin nan da na tambayi abokin nawa ko ya taɓa jin sunan Koko. Tsakanin 1987 da 1988 daga Italiya aka yi lodin sama da tan 3,000 na guba a cikin durom-durom aka sauke a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, jihar Delta ta yanzu, aka ajiye a filin wani bawan Allah ana ba shi dala 100 a wata. Lokacin da doka ta matse su a gida ai mu suka tuna. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta musu suka kwashe kayansu, a 1988 aka yi doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar duba illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli. Don haka doka muna da ita, hanyar ƙauye ce ba ta sani ba.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, a wannan fannin sun fi mu nesa ba kusa ba, kuma ba kuɗi ne kaɗai ba. Robar nan da bututun da ɗakin gwaji na yarda kuɗi ne. Amma a ce ba a nan ba, wannan nawa ake kashewa? Kuma ilimin ma muna da shi. Tsofaffin masu haƙar rijiya na garinmu za su gaya maka a unguwar kaza gaba huɗu za ka tarar da ruwa, a tudun kaza sai ka yi gaba goma sha, nan yumɓu ne nan marmara nan rairayi, taswirar da injiniyoyin nan ke kashe kuɗi su zana su a ka suke riƙe da ita. Wa ya taɓa kiran su zaman shawara? Iyayenmu ba sa haƙa masai kusa da rijiya, duba-gari ma a da yana hana wa, marina da majema kuma gefe ake ware musu. Yaushe muka zama mutanen da za a juye mana abin da ba mu san sunansa ba a bayan gida mu ce an gode?

Na faɗi kusan haka a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan gari, ban ma kawo zancen Jamus da yawa ba don na san hali. Wani ya ce Alhaji ai nan ba Turai ba ce. Wani ya ce in da gaske nake in dawo in cike ramin da kuɗina. Ƙanena ya biyo ni ta gefe ya ce Yaya don Allah ka bar maganar nan, Baba ya ce kada a ce ɗansa ne ke ja da dagaci daga ƙasar waje. Wannan ta Baba ita ta fi zauna min. Wato in ana gyaran rufin masallaci ko taransifoma ta ƙone ko ana haɗa kuɗin bohol, ni ɗan gari ne, lambata ce ta farko da ake kira, ko ƙarfe nawa ne a nan. Amma in maganar ƙasa ce da abin da za a binne a cikinta, sai in zama baƙo wanda ya manta yadda gida yake. Ni fa da ruwan rijiyar nan aka yi wankan jegona, uwata har gobe ita take sha, 'ya'yana in sun zo hutu ita za su sha, kuma ni ma in Allah ya nufa can zan koma in tsufa, ba a wannan sanyin ba. Maganar Koko ma da ake tinƙaho da ita, ai ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka rubuto gida, da sun ce ba ruwansu tunda ba sa nan fa?

Kuɗin bohol da na yi alkawari zan turo ƙarshen wata in sha Allah, ban fasa ba. Amma kafin tifa ta farko ta juye, ina roƙon masu unguwanni da limaminmu da malaman makarantar gari su nemi mai kawo cikon ya faɗi daga wane kamfani yake ɗebowa, ya rubuta ya sa hannu, a kira masu haƙar rijiya su faɗi gaba nawa ne ruwa a wurin da damina, a ɗebi kayan a kai jami'a a Kano ko Wudil a gwada. Kuɗin gwajin ni zan biya, ƙanena yana da lambata.