Adalcin da muke yi wa "Amin" ran Lahadi, ina yake ran Litinin?

'Yan'uwa a cikin Kristi, ku yi haƙuri da ni yau, maganar tana da ɗan ɗaci.

Duk ranar da mai wa'azi ya buɗe Amos 5:24, inda annabi ya ce a bar adalci ya malala kamar ruwa, sai majami'a ta ɗauki "Amin!" Kowa ya san da wa ake: masu mulki, alƙalai masu cin hanci, manyan da hannunmu ba ya kaiwa gare su. Ba laifi. Amos, makiyayin Tekowa, ya faɗa wa manyan Isra'ila gaskiya a zamanin Yerobowam na biyu, har Amaziya firist na Betel ya ce masa ya tattara nasa ya nasa ya koma Yahuza. Sai dai wa'azin da kullum wani yake nunawa da yatsa daɗin ji gare shi, domin ba ya taɓa aljihun mai sauraro.

Ku buɗe Maimaitawar Shari'a sura 24 ku ga inda Allah ya ajiye adalci. Aya ta 6: kada ka karɓi dutsen niƙa jingina, don abin da mutum yake rayuwa da shi ke nan. Aya ta 10 da 11: idan ka je karɓar jingina, ka tsaya a waje, kada ka kutsa cikin gidan wanda kake bi bashi. Wato ko mai cin bashi yana da mutuncin da ba a takawa. Aya ta 15: ka biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, don matalauci ne, ransa yana kan kuɗin.

To, 'yar aikin da take wanke mana kayan zuwa sujada fa? Wata ya ƙare, ta tsaya bakin ƙofa tana murza yatsu, kunyar tambaya ta hana ta magana. Uwar gida ta ce, "Ki bari sai mako mai zuwa, abubuwa sun yi mana yawa." A makon nan kuwa ba a fasa baiko mai tsoka ba, har an tafa mana. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa ma'aikata kuka yake yi, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji.

A ganina babban kuskuren koyarwarmu shi ne mun mai da haƙƙi ya zama alheri. Littafin Firistoci 19:9-10 bai roƙi mai gona ya ji tausayi ba, umarni ya ba shi: gefen gona da kala na matalauci ne da baƙo. Da wannan doka Rut ta shiga gonar Bo'aza ta yi kala, ba bara ta je ba. (Kafin wani ya ce talakawa kawai nake goyon baya: Littafin Firistoci 19:15 ya hana son kai a shari'a, ko don matalauci, ko don mai arziki.)

Dubi ma yadda muke koya wa yara labarin Zakka a makarantar Lahadi. Sun haddace cewa gajere ne, ya hau itace don ya ga Yesu. Yaro nawa ne ya san cewa a Luka 19:8 ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu? Sai bayan wannan magana Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Mukan tsallake wurin da sauri, domin mayar da kayan mutane ya fi hawan itace wuya.

Fastoci da malaman nazarin Littafi Mai Tsarki, roƙona ke nan: idan kun koyar da adalci, ku kira abubuwa da sunansu. Albashin direba, gādon gwauruwa da dangin miji suka raba, bashin da aka ci aka yi shiru. Na san wasu masu baiko mai nauyi za su ɓata rai, wataƙila ma su sauya majami'a. Ku dai faɗa.