Sansanin Tafkin Daring ba wurin shan iska ba ne

Da an ce ana kai matasan 'yan asalin ƙasa daji a Kanada, sai wasu su ɗauka hutu ne, ko kuwa dattawa tatsuniya kawai suke yi musu, kimiyyar kuma sai an koma aji. Sam ba haka ba ne.

A Tafkin Daring, kimanin kilomita 300 arewa da birnin Yellowknife da ke arewacin Kanada, 'yan sakandare kan yi kwana 10 tare da masu bincike da dattawan ƙabilar Tlicho. Masani na nuna musu yadda ake auna ruwa da ƙirga tsirrai. Dattijuwa kuma na kama hannun yarinya a kan fatar karibu, barewar ƙasar sanyi, tana koya mata karcewa, tana faɗa mata abin da fatar ke nunawa game da lafiyar dabbar.

Abin ya wuce wasa. Garken karibu na wannan yankin, wanda ake kira Bathurst, ya kai kusan 470,000 a 1986, amma a 2021 bai wuce 6,500 ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da yawa daga cikin tsarar waɗannan dattawan an raba su da iyayensu suna ƙanana, aka kai su makarantun kwana inda ake hana su magana da harshensu.